Shin Ko Kun San? Kaya Ma Sai Sun Koyi Al'adar Gari

Shin ko kun san cewa atamfar Holan da matanmu ke ji da ita ba dominmu aka fara buga ta ba? Kamfanin da ake kira Vlisco a yau ya kafu ne a garin Helmond na ƙasar Holan a 1846. Burin masaƙun Holan a wancan zamani shi ne su kwaikwayi rinin batik na mutanen Indonisiya da inji, su sayar musu da araha. Sai kakin da ake shafa wa yadin ya riƙa tsattsagewa, rini na bin tsagar yana barin zane kamar jijiya. Mutanen tsibirin Java suka ce wannan aibi ne, suka ƙi saye. Da 'yan kasuwar Turai suka kai irin yadin ƙasar da ta zama Ghana, a ƙarshen ƙarni na 19, mata suka ce ai nan kyawun yake. Suka raɗa wa kowane zane suna, suka riƙa faɗin launin da suke so, masaƙa na bi. Har gobe da gangan ake barin tsagar nan.

Shaddar Gezna fa? A garin Bludenz ake saƙa ta, cikin duwatsun Ostiriya, a kamfanin Getzner da ya faro tun 1818. Babu mai sa babbar riga a can, amma sun san irin ƙyallin da ango ke nema a Kano da Bamako da Dakar.

Shin ko kun san cewa kamfanin Transsion, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, a birnin Shenzhen na ƙasar Sin yake, amma ba a gida kasuwarsa take ba? Mutanensa sun lura cewa ɗan Afirka na yawo da layi biyu ko uku, don kira daga wannan kamfani zuwa wancan ya fi tsada, kuma sabis ba ya da tabbas. Suka yi waya mai sim biyu. Suka ga wuta ba ta zama, suka ƙara girman batir. Suka sa Hausa da Swahili da Amharik a ciki. Abin da ya fi burge ni shi ne kyamara: sun gyara ta yadda fuskar baƙar fata za ta fito fes a hoto. Kada ku raina wannan. Shekaru da dama kamfanin Kodak ya riƙa auna launin hoto da katin da ke ɗauke da fuskar Baturiya, ana ce masa katin Shirley, shi ya sa baƙin mutum kan fito duhu-duhu. Daga cikin waɗanda kokensu ya jawo gyara har da masu tallar cakulan da masu kayan katako, da suka ce ba a bambance launin hajarsu.

A Indiya, da gidan abincin McDonald's ya buɗe a 1996, bai sa naman shanu ko na alade ba, saboda mabiya Hindu da Musulmi. Sai ya fito da burodi mai kwaɓin dankali, McAloo Tikki. A Japan kuwa, inda Kiristoci ba su fi kashi 1 cikin 100 da ɗan wani abu ba, tallar da gidan abincin KFC ya fara a 1974 ta sa soyayyiyar kaza ta zama abincin Kirsimeti, har ana yin oda tun da saura makonni. Lemon Vimto ɗan Manchesta ne, an haɗa shi a 1908, amma babbar kakarsa watan azumi ce a Saudiyya da maƙwabtanta, inda shan ruwa ba ya cika sai da shi a gidaje da yawa.

Wanda ya ƙi ɗaura wutsiya a garin masu wutsiya kuwa ya ji a jikinsa. Walmart, babban kantin Amurka, ya shiga Jamus a 1997 da ɗabi'un gidansu: ma'aikata su yi ta yi wa mai saye murmushi, su zuba masa kaya a leda, su yi kirarin kamfani da safe. Jamusawa ba su saba ba, ga abokan gasa masu araha, ga dokokin ƙwadago. A 2006 ya tattara ya fita da asarar kusan dala biliyan 1.

Shin ko kun san cewa lamba ma tana da dangi da maƙiya? A Sin da Japan da Koriya akwai benaye da ba za ka ga hawa na 4 a jerinsu ba, don ana danganta lambar da mutuwa. Lamba 8 kuma ta arziki ce a wurin Sinawa, shi ya sa aka buɗe gasar Olamfik ta Beijin ranar 8 ga watan 8 na 2008, da ƙarfe 8 na dare. Turawa ma ba a bar su a baya ba: jiragen saman kamfanin Lufthansa ba su da layin kujeru na 13.

Wani lokaci kuma jama'a ne ke zaɓa wa kaya aiki. M-Pesa ta Kenya, hanyar tura kuɗi ta waya da kamfanin Safaricom ya ƙaddamar a 2007, an gwada ta ne da farko don biyan ƙananan basussuka. Jama'a suka mai da ita hanyar aika wa iyaye kuɗi ƙauye, kamfani ya bi su. Haka Sinawa suka yi rububin biyan kuɗi ta manhajar WeChat bayan da ta mai da jar ambulan ta barka da sabuwar shekara ta koma cikin waya a 2014. A nan gida, keke mai ƙafa uku ɗan Indiya ya bazu a Kano ne daga 2005, lokacin da gwamnati ta nemi mata su daina hawa acaɓa, ya kuma gaji sunan shirin A Daidaita Sahu. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, sai ya mamaye titi.

Abin bai tsaya ga kaya ba, ya kai har ido. Akwai wani zane na layi biyu masu tsawo ɗaya, ana kiransa Müller-Lyer, wanda ƙahonnin da ke bakinsu ke sa ɗaya ya yi kamar ya fi tsawo. Binciken da aka wallafa a 1966 ya nuna Amurkawa sun fi kowa ruɗuwa da shi, mutanen San na hamadar Kalahari kuwa da ƙyar yake ruɗa su. Masana na jayayya kan dalili har yanzu. Ga kuma wani lissafi da ya kamata ɗalibanmu su riƙe: nazarin Jeffrey Arnett na 2008 ya gano kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi gwaji da su a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam daga ƙasashen Yamma masu masana'antu suke, alhali mutanen ƙasashen ba su wuce kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Don haka in an ce muku “bincike ya nuna haka ɗan Adam yake”, ku tambaya wane ɗan Adam aka auna.

Abin da ke ci mini rai shi ne masaƙar Kaduna ta KTL, da aka buɗe a 1957, ta rufe tun 2002, Kantin Kwari kuma ya cika da yadin da aka bugo daga waje bisa zanen da mu muke so. Masu rini da ɗinki da ƙere-ƙere na Kano da Maraɗi da Damagaram, da masu kuɗin da za su iya tsaya musu: baƙo sai ya biya kuɗi ya yi bincike kafin ya san abin da amarya ke so a lefe. Ku a gida kuka taso kuka tarar da wannan sani. Ku zuba jari a kansa.