Gatarin Kurege a Inuwar Tsakar Gida

'Yan'uwana mata, da yawa daga cikinmu mukan ce ba abin da zai yi kyau a gindin bishiyar gidanmu saboda inuwa. To, akwai wani furen daji namu na gida da ya saba da irin wannan wuri, watau baurere, wanda wasu ke kira gatarin kurege. Mutanen Zimbabuwe har sun mai da shi furen ƙasarsu, mu kuwa sai mu wuce shi a hanyar gona ba mu ko waiwaya ba.

Ba shi da wuyar ganewa. Bakin kowane ganye ya lanƙwashe kamar ƙugiya, da shi yake kama reshe ya hau. Furen yana da kunnuwa 6 da suka juya sama kamar harshen wuta, yakan fara da rawaya-rawaya, sa'an nan ya rine ja.

Saiwarsa ake dasawa. In kin gan shi da damina, ki kafa sanda a wurin, sai ganyen ya bushe ki haƙa. Ki ɗauki ɗaya ko biyu, ki bar wa daji sauran. A yi hankali, gama saiwar tana da gautsi, daga bakinta kuma take tsiro. In bakin ya karye an yi aikin banza. Ta farko da na haƙa da gaggawa haka ta lalace mini.

Da ruwa ya sauka, wajen watan Mayu ko Yuni, ki kwantar da ita cikin rami mai zurfin inci 3, a ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen ganye, inda ruwa ba ya kwanciya. Ƙarƙashin mangwaro ya cika duhu. Gefen inuwa ya fi, inda hantsi ke taɓawa, kusa da danga ko zana don ya sami abin hawa. Da rani ba ya son ban ruwa.

Amma fa ku ji da kyau, musamman 'yam makaranta: dukan jikinsa dafi ne, saiwar ta fi. A Indiya da Siri Lanka an sha samun waɗanda suka ci ta bisa zaton doya ce, wasu har suka rasu. Kada a ajiye ta a madafa ko kusa da dankali, a kuma wanke hannu bayan an taɓa. In yaro ya ci, kada a jira amai da zawo su fara, a kai shi asibiti nan da nan tare da guntun saiwar. Mai yara masu rarrafe ko awaki sake, gara ta dakata tukuna.