Neman aiki ta intanet: Me ke sa a ga wani a LinkedIn, a tsallake wani?

A watan Nuwamban shekarar 2023 ne kamfanin LinkedIn ya ba da sanarwar cewa yawan mutanen da suka yi rajista a shafinsa na intanet ya kai biliyan ɗaya.

To sai dai yin rajista daban, cin moriyar shafin kuma daban.

Matasa da dama da suka kammala jami'a da hidimar ƙasa kan buɗe shafi, su sa suna da hoto, sannan su koma gefe suna jiran kiran da ba ya zuwa.

Reid Hoffman da wasu abokansa ne suka kafa LinkedIn a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka kuma buɗe shi ga jama'a ranar 5 ga watan Mayun 2003. A shekarar 2016 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 26.2.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan fage. Akwai Xing, wanda aka kafa a birnin Hamburg a 2003, amma ƙarfinsa bai wuce ƙasashen da ke magana da Jamusanci ba.

Yadda ake lalubo ma'aikaci

Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin LinkedIn ita ce sayar wa kamfanoni damar bincike a cikin bayanan masu rajista.

Jami'in ɗaukar ma'aikata ba ya bin shafuka ɗaya bayan ɗaya. Yakan rubuta sunan sana'a, da gari, da ƙwarewar da yake bukata, kwamfuta ta jero masa waɗanda kalmomin suka bayyana a shafukansu.

Ke nan wanda ya rubuta "mai neman aiki" kawai a layin da ke ƙarƙashin sunansa, da wuya binciken ya zaƙulo shi. Wanda kuwa ya rubuta cewa shi akanta ne a Kano, ko injiniyan ruwa a Maiduguri, ko malamar jinya mai kula da yara a Damagaram, ya fi kusa da dacewa.

Haka nan a wurin bayanin ayyukan da mutum ya yi a baya, faɗin abin da aka cim ma ya fi jera muƙamai amfani. Malamin da ya ambaci darasin da ya koyar, da yawan ɗalibansa, da tsawon lokacin da ya yi yana koyarwa, ya ba mai karatu abin kamawa.

Shafin yana kuma ba da damar rubuta bayanan mutum cikin harshe fiye da ɗaya, ciki har da Ingilishi da Faransanci da Larabci, abin da ke da amfani ga masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru.

Amfanin sanin shanu

An daɗe ana cewa samun aiki sai da sanayya. Bincike ya nuna akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba irin sanayyar da aka fi zato ba.

A shekarar 1973, wani masanin halayyar zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa wata maƙala bayan ya yi nazari a kan ma'aikata a garin Newton da ke kusa da Boston.

Ya gano cewa akasarin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani mutum, ba ta bakin aminansu suka ji labarin ba. Sun ji ne daga mutanen da sai jefi-jefi suke haɗuwa da su.

Dalili kuwa shi ne, amini yakan san mutanen da abokinsa ya sani, ya kuma ji labarin da ya riga ya ji. Tsohon abokin karatu da ke wani gari ne ke zuwa da sabon labari.

A watan Satumban 2022 mujallar Science ta buga sakamakon wani gwaji da masana daga jami'o'in MIT da Harvard da Stanford suka nazarta tare da LinkedIn, wanda ya shafi mutane miliyan 20 cikin shekaru biyar.

Sakamakon ya nuna cewa matsakaiciyar alaƙa, wadda ba ta yi kusa sosai ba kuma ba ta yi nisa ainun ba, ita ce ta fi kai mutum ga sabon aiki.

Sai dai wasu sun soki gwajin, bisa hujjar cewa ba a fito fili an sanar da mutanen da aka yi shi a kansu ba.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, tara dubban mutanen da ba a san su ba ko kaɗan ba shi ne dabara ba, ko da yake shafin ya yarda a ƙulla alaƙa da mutane har 30,000.

Hausawa kan ce zumunta a ƙafa take. A nan ma, ɗan gajeren saƙo ga tsohon malami ko abokin aiki, da yin sharhi mai ma'ana a kan abin da ya shafi sana'a, da taya wani murnar ƙarin girma tun kafin a bukace shi, su ne ke sa a tuna da mutum ranar da gurbi ya samu.

Hattara da 'yan damfara

Inda masu neman aiki suka taru kuwa, nan macuta ke dafifi.

A shekarar 2021 hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya, MI5, ta yi gargaɗin cewa an tuntuɓi 'yan ƙasar fiye da 10,000 ta shafukan bogi, da nufin tatsar bayanan sirri daga wurinsu.

A 2022 kuma masu bincike a jami'ar Stanford suka gano shafuka fiye da 1,000 masu ɗauke da hotunan fuskokin da kwamfuta ce ta ƙirƙira su.

Ga talaka mai neman aiki, tarkon da aka fi ɗanawa shi ne na neman kuɗin fom, ko na horo, ko na biza. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha nanata cewa ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata.

Shi ma mai neman aikin akwai nasa nauyin. Shafinsa a buɗe yake ga tsofaffin abokan aiki da shugabanninsa, saboda haka digirin da ba a yi ba, ko muƙamin da ba a riƙe ba, ba ya daɗewa bai tonu ba.

Duk da haka, shafin ba zai iya magance rashin aikin yi ba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Najeriya na 2023 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar suna noma ne ko kasuwanci ko wasu sana'o'in da ba na ofis ba, waɗanda ba a tallata su a irin waɗannan shafuka.

Amma ga likita ko injiniya ko malamin jami'a da ba shi da uwa a gindin murhu, shafin kan ba shi damar da a da sai mai hanya: ya gabatar da kansa kai tsaye ga wanda ke da aikin a hannu.