Yadda Ake Doguwar Tafiya da Kifin Beta

Gabatarwa

Ba kowane kifi ake kiwo don miya ba. Akwai waɗanda ake ajiyewa cikin tankin gilashi domin ado, kuma daga cikinsu akwai wani ɗan ƙarami mai launi da bazazziyar jela da ake kira beta. Matsala takan taso ne ranar da mai shi zai tashi daga wani gari zuwa wani, kamar ɗalibin da aka ba dogon hutu ko ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki. Da yawa sun ɗauka yunwa ce ko rashin iska za su kashe kifin a hanya, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan maƙala za ta nuna cewa abubuwa uku ne suka fi yi masa illa, wato canjin zafin ruwa da gurɓacewarsa da kuma girgiza.

Asalinsa da Halittarsa

Asalin beta ƙasar Tailan ne, wadda a da ake kira Siyam, da maƙwabtanta irin su Kambodiya da Biyetnam. Mutanen Tailan suna kiran sa "pla kat", ma'ana kifi mai cizo, saboda maza biyu ba sa zama wuri ɗaya sai sun yi faɗa. Wani masanin kifaye ɗan Ingila, Charles Tate Regan, shi ya raɗa masa sunan kimiyya Betta splendens a 1910. A 2019 kuma gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Tsawonsa bai cika wuce santimita 7 ba.

A can gida yana rayuwa ne a gonakin shinkafa da fadamu da kududdufai, inda ruwa ba zurfi, ga ɗumi, ga ƙarancin iska. Saboda haka yana da wata gaɓa a cikin kansa da ke ba shi damar leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska kai tsaye. Wanda ya san tarwaɗa zai gane wannan da sauri, domin ita ma tana da irin wannan baiwa, shi ya sa takan daɗe a daro da ɗan ruwa kaɗan ba ta mutu ba. Wannan gaɓa ce ta sa masu kiwonsa a lardin Nakhon Pathom suke iya tura shi ƙasashen duniya ta jirgin sama, kowane kifi a cikin 'yar ledarsa. Sai dai jure wahalar kwana ɗaya ko biyu daban ne da zaman yau da kullum.

Shiri Kafin Tafiya

Abu na farko shi ne a daina ba shi abinci awa 24 zuwa 48 kafin a tashi. Wannan ba mugunta ba ce. Kifin da ya ci ya ƙoshi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, wanda guba ne gare shi. A babban tanki akwai ƙwayoyin bakteriya a cikin matacin ruwa da ke sarrafa wannan guba, amma a cikin leda babu su. Lafiyayyen beta kuwa yana iya yin kwanaki bai ci ba, ba tare da ya galabaita ba.

Na biyu, a ɗebi ruwan tafiya daga tankin da ya saba da shi. A samu leda mai kauri wadda ba a taɓa sa sabulu ko man girki a ciki ba. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a bar kashi biyu na iska. Idan aka cika ledar maƙil, an toshe masa hanyar shan iska ke nan. Haka kuma kada a hura ledar da baki, domin iskar da muke fitarwa ta riga ta rage amfani. A kama bakin ledar da sauri yadda za ta kumbura, a murɗe, a ɗaure da roba, sannan a sa ta cikin wata ledar ko da ta farko za ta huje. Kada a sa dutse ko kayan ado a ciki. Idan kifin ya fi ɗaya, kowa da ledarsa, kuma a sa takarda a tsakani don kada su ga juna.

Tankin kansa sai a juye shi kafin a ɗauka, domin nauyin ruwa yana iya tsaga gilashi. A adana wani ɓangare na ruwan a jarka mai tsabta, a kuma bar soson matacin a jiƙe don kada bakteriyar su mutu.

A Kan Hanya

Beta yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa kaɗan kuwa yana saurin zafi, yana saurin sanyi. Mu ɗauki tafiya daga Legas zuwa Kano, mai kusan kilomita 1,000. Da rana mota takan ɗau zafi, musamman idan an tsaya an rufe gilasai, da asuba kuma a lokacin hunturu sanyi ya sauko. Maganin wannan shi ne a tsayar da ledar a cikin kula, a cika gefenta da tsumma ko tsohuwar jarida, a rufe. Kula tana riƙe ɗumin ruwan, duhun cikinta yana kwantar wa kifin da hankali, tsumman kuma yana rage girgizar da ke yaga masa jela a hanya mai ramuka.

Kada a sa kular a but ko a saman mota ko kusa da inji. Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun mai ita, nesa da rana da bakin na'urar sanyaya iska. A kuma daure wa son buɗewa a leƙa a kai a kai. Idan tafiyar za ta kai a kwana a hanya, sai a mayar da kifin cikin roba mai murfi da ruwan jarkar nan, a huda murfin, domin beta gwanin tsalle ne.

Mai tafiya ta jirgin sama ya tuntuɓi kamfanin jirgin tun da wuri. Tun 2006 filayen jiragen sama da yawa suka taƙaita ruwan da fasinja zai shiga da shi zuwa mililita 100. A Amurka hukumar tsaron sufuri tana barin a wuce da kifi mai rai a cikin mazubin da ake ganin cikinsa bayan an duba shi, amma kowane kamfani da dokarsa. Ƙetare iyakar ƙasa kuma yakan buƙaci takardar izini.

Bayan An Isa

A nan ne gaggawa take ɓata aiki. A fara haɗa tanki da ruwan da aka zo da shi. Idan za a ƙara ruwan famfo, a sa masa maganin cire kulorin tukuna. Sannan a ɗora ledar a kan ruwan, tana ɗaure, na minti 15 zuwa 20, har ɗuminsu ya daidaita. Da zarar an kwance ta, kada a ɓata lokaci. Dalili kuwa, iskar da kifin ya fitar a hanya takan sa ruwan ledar ya yi ɗan tsami, wanda ke rage ƙarfin amoniya. Idan aka buɗe, iskar ta fice, sai gubar ta ƙara ƙarfi. Don haka a tsamo kifin a hankali a sa shi a tanki, ruwan ledar kuma a zubar. A bar fitila a kashe, abinci kuma sai washegari. Idan launinsa ya ɗan dusashe, gajiya ce, yakan dawo bayan ya huta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa duk dabarun nan daga halittar kifin suka fito. Yana shan iska daga sama, sai a bar masa iska. Ɗan ƙasa mai ɗumi ne, sai a tsare masa ɗumi. Ƙazantarsa guba ce, sai a rage masa ci. Wanda tafiyarsa ba za ta wuce 'yan kwanaki ba kuwa, gara ya bar kifin a gida a hannun mai amana, domin rigakafi ya fi magani.