Tsabtar Baki a Ƙasashen Duniya

Jama'a, akwai wata magana da na ke so mu duba tare, musamman malaman makaranta waɗanda ke jera yara da safe suna duba farce da kai da haƙora. Sau da yawa a kan ga malami ya yaba wa yaron da ubansa ya saya masa burushi da makilin, ya harari wanda ya zo da guntun aswaki a aljihu, sai ka ce burushi shi ne tsabta, aswaki kuwa ƙauyanci. Ɗaliban kwalejin horon malamai ma da yawansu haka su ke ɗauka. To, wannan hukunci bai tsaya bisa ilmi ba. Wanda ya bi labarin ƙasashe zai tarar kowace al'umma da abin da ta ke goge baki da shi, kowace kuma da abin da ta ke kira kyau, amma abin da ke ruɓar da haƙori iri ɗaya ne ko'ina, watau sukari.

Mu fara da aswaki, tun da shi ne babba a shekaru. Larabawa suna yin nasu da saiwar itacen da su ke kira arak, kuma kowane almajiri ya san matsayinsa a sunna. Mutanen Indiya kan karya reshen darbejiya su tauna, ita ce itaciyar nan da aka kawo mana zamanin Turawa har ta cika garuruwanmu. Yarabawa suna da nasu itatuwan, a kan sayar da su ɗauri ɗauri a kasuwa. Mu nan muna yi da marke, da shuwaka, da darbejiya. Burushi kuwa Sinawa ne suka fara shi, suna kafa gashin alade a jikin ƙashi ko gora. Sai wajen 1780 wani Bature a Ingila, William Addis, ya shiga ƙera shi da yawa don sayarwa. Burushin roba irin wanda mu ke gani yanzu bai fito ba sai 1938, sa'ad da kamfanin DuPont na Amurka ya yi masa gashi na nailan. Kamfanin Colgate ya fara sayar da man goge baki a kwalba cikin 1873, na matsewa kuwa cikin 1896. Duk da haka goge baki kullum bai zama ɗabi'ar yawancin mutanen Amurka ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojinsu suka komo gida da horon bariki. Watau kakanninmu suna aswaki safe da yamma tun waɗancan ba su ɗauki abin da nauyi ba.

Likitocin da suka gwada aswaki da burushi sun tarar aswaki, in an iya shi, yana fid da dauɗa kamar yadda burushi ke yi. Amma yana da aibi biyu. Na fari, gashinsa a miƙe ya ke da sandar, don haka da ƙyar ya ke kai wa bayan haƙoran ciki. Na biyu, mai dirzawa da ƙarfi ya kan ture dasashinsa har saiwar haƙori ta bayyana. Kuma a tuna, tauna aswaki ana yawo da shi a gefen baki kamar sigari ba goge baki ba ne. Gawayi da toka da wasu ke dirzawa suna sa haske na ɗan lokaci, amma suna kankare farin ɓawon haƙori, shi kuwa in ya tafi ba ya komowa.

Zancen kyau kuma, a nan ne kowane tsuntsu ke kukan gidansu. A Japan, shekaru aru-aru matan aure da manyan fada baƙanta haƙoransu su ke yi da wani rini na ƙarfe da ruwan tsami, suna kiran abin ohaguro. A wurinsu farin haƙori a bakin matar aure rashin kamala ne. Gwamnatinsu ta hana 'yan sarauta yin haka cikin 1870, cikin 1873 kuma matar Sarkinsu ta fito bainar jama'a da fararen haƙora, daga nan al'adar ta yi ta ja da baya. Abin mamaki, rinin nan ya kan rufe haƙori ya rage masa ruɓewa. Kada mu yi musu dariya, gama iyayenmu mata ma da goro da furen taba su ke jajanta haƙora, a ce an yi ado. Wushirya a wurinmu kyau ce, har waɗanda Allah bai ba su ba su kan je a sassaƙa musu, a ɓata lafiyayyen haƙori a banza. A Amurka kuwa iyaye kan biya kuɗi masu yawa a ɗaura wa yaro waya a baki shekara biyu don a rufe wannan wushiryar da mu ke sha'awa. Alhaji ya komo da haƙorin Makka kowa na taya shi murna, Bature kuwa so ya ke a cike masa kogo da abin da ba wanda zai gane an taɓa wurin.

Haka abin ya ke ga sauran tsabtar jiki. Mutumin Japan sai ya cuɗa jikinsa ya ɗauraye sarai kafin ya shiga kwarmin wanka, don ruwan zafin nan na jiƙa jiki ne, kuma duk mutanen gida za su shiga bayansa. Mutumin Finlan ɗakin zufa ya ke shiga, ya zauna cikin tururi har gumi ya karyo masa. Matan Sudan suna da dilka da turara jiki da hayaƙin itace, abin da ya iso mu ta Barno. Mu da Larabawa da mutanen Indiya da ruwa mu ke tsarki, muna mamakin masu takarda, su kuma suna mamakin butarmu. Duk wannan al'ada ce, ba ta kai a yi gardama ba, sai fa inda ta taɓa lafiya, kamar kwallin dutse da a ke sa wa jarirai, wanda aka tarar yawancinsa akwai dalma a ciki, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

To, mu komo kan sukari, don nan ne gizo ke saƙa. A bakin kowane mutum akwai ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, suna zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori. In zaƙi ya shiga baki sai su ci, su fid da wani ruwa mai tsami, shi ne ke narkar da ɓawon haƙori kaɗan kaɗan har ya yi kogo. Wannan ita ce tsutsar haƙorin da a ke faɗi, ba wata tsutsa mai rai da mai magani zai fitar da hayaƙi. Yawu ya kan wanke tsamin ya gyara ɓarnar, amma sai an ba shi lokaci. Yaron da ke tsotsar alewa daga safe har azahar bai ba yawunsa wannan lokaci ba.

Ingila ce ta fara biyan bashin sukari. Wani matafiyi Bajamushe, Paul Hentzner, wanda ya ga Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya cikin 1598, ya rubuta cewa haƙoranta baƙaƙe ne, ya kuma danganta abin ga yawan shan sukarin Ingilishi. A lokacin sai masu hali ke samunsa. Da ya yi araha talaka ma ya shiga sahu, har ta kai a wasu sassan ƙasar a kan cire wa budurwa haƙoranta duka kafin aure a sa mata na roba, wai don a hutar da miji biyan likita. Da gwamnatinsu ta buɗe aikin magani kyauta cikin 1948, masu neman haƙoran roba suka yi yawa har kuɗi suka kāsa, cikin 1951 aka sa musu biya, ministan da ya kafa aikin, Aneurin Bevan, ya ajiye muƙaminsa don fushi. Ƙidayar da aka yi cikin 1968 ta nuna mutum 37 cikin 100 na manyan Ingila da Wales ba su da haƙori nasu ko ɗaya. Mutanen da suka ƙera burushi don sayarwa ke nan.

Akwai wani ɗan tsibiri can tsakiyar Tekun Atlantika ta kudu, sunansa Tristan da Cunha. Cikin 1937 mutanensa ba su kai 200 ba, abincinsu dankali da kifi, ba su kuma damu da burushi ba, amma likitocin da suka duba su suka tarar ruɓewar haƙori kaɗan ce ƙwarai. Bayan haka aka buɗe musu kanti, sukari da fulawa da biskit suka shigo. Da dutse ya yi aman wuta cikin 1961 aka kwashe su zuwa Ingila, sai aka ga bakunan samarinsu sun cika da kogo. Mutane su ne su, abinci ne ya sake.

A Suwidin kuma an yi wani gwaji wanda ba shi da daɗin ji. Daga 1945, a asibitin Vipeholm na garin Lund, aka riƙa gwada abinci iri iri a kan masu taɓin ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su da ikon cewa a'a. Wasunsu aka riƙa ba su alewa mai danƙo har 24 a yini. Haƙoransu suka lalace, aka buga sakamakon cikin 1954. Zalunci ne, kuma yau ba hukumar da za ta yarda da irinsa. Abin da aka gano shi ne, zaƙin da a ke sha tsakanin abinci da abinci ya fi wanda a ke sha tare da abinci ɓarna nesa ba kusa ba. Daga nan ne mutanen Suwidin suka sami al'adar nan tasu ta ba yara alewa ran Asabar kaɗai.

Abin da ya ceci haƙoran Turawa daga baya wani sinadari ne da a ke kira fulorayid. Wani likitan haƙori, Frederick McKay, shi ya lura tun 1901 cewa mutanen Kolorado ta Amurka haƙoransu na da tabo ja-ja amma ba su cika ruɓewa ba, sai 1931 aka gane daga ruwan shansu ne. Cikin 1945 garin Grand Rapids ya fara zuba shi kaɗan a ruwan famfo. Suwizalan ta zaɓi sa shi a gishiri daga 1955, yawancin ƙasashe kuwa suka dogara ga man goge baki mai ɗauke da shi. Har yanzu ana gardama a kan na ruwan famfo, cikin 2025 ma jihohin Yuta da Fulorida na Amurka sun hana. In ya yi yawa kuma cuta ne. A sassan Habasha da Kenya da Tanzaniya, da Langtang ta Jihar Filato, ruwan ƙasa ne ke sa haƙoran yara su yi ja, a Tibiri ta Maraɗi kuwa ruwan wata rijiyar burtsatse har ƙasusuwan yara ya tanƙwara. Saboda haka malamin da ya ga irin wannan tabo a bakunan yaran gari guda kada ya ɗauki bulala, ruwan da su ke sha ya kamata a kai a auna. Ko ta yaya dai, cikin 2009 marasa haƙori a Ingila sun komo 6 cikin 100.

Japan ta bi ta makaranta. Cikin 1989 suka kafa wani shiri, nufinsa mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 nasa na kansa. A makarantun firamare da yawa yara kan goge baki tare bayan abincin rana, likita kuma na zuwa duba su kowace shekara. Cikin 2016 fiye da rabin tsofaffinsu masu shekara 80 sun cika wannan sharaɗi. A Barazil kuwa ba abin kunya ba ne akawu ya fito da burushi daga jakarsa bayan abincin rana ya nufi famfon ofis. Ina ganin ma'aikatanmu masu shayi da madara da cokali huɗu na sukari da hantsi sun fi kowa bukatar koyi da shi.

Mu nan Allah ya rufa mana asiri shekaru da yawa, don tuwo da fura ba su da sukari, rake da zuma kuwa sai lokaci lokaci. Yanzu a ƙofar kowace makaranta akwai mai tallar alewa da biskit da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 2015 kada sukarin babban mutum ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi, alhali kwalbar lemo guda tana ɗauke da wajen 8 ko 9. Likitocin haƙori kuwa a ƙasarmu kaɗan ne, yawancinsu kuma a manyan birane su ke.

Abin da na ke roƙon malamai shi ne su duba haƙorin, su bar tambayar abin da aka goge shi da shi. Mai aswaki a nuna masa yadda zai kai shi ciki da waje da bayan turame. Mai burushi a gaya masa sau biyu ne a yini, na dare shi ne babba, man kuwa kamar ƙwayar wake ya isa, ya tofar kada ya kurkure nan take. A lura ƙwarai da 'yan aji ɗaya. Wajen shekara 6 ne turmin farko na dindindin ke fitowa can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, don haka iyaye kan zaci shi ma zai famɓare, su ƙyale shi ya ruɓe.

Akwai kuma wadda ta fi kogo tsanani, ita ce cutar da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba. Tana kama ƙananan yara, yawanci 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Daga kumburin dasashi da warin baki ta ke farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci ta ci fuska, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa su ke yi. In an kama ta da wuri, maganin asibiti da wanke baki da abinci mai kyau suna tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma bisa roƙon Nijeriya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. Malamin ƙauye ko akawun da ya ga yaro dasashinsa na jini, bakinsa na wari, kuncinsa ya soma kumbura, ya sa a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa.