FASHIN BAƘI: Yadda ruwa ke juya tafiyar ƙafa ta kilomita 4,265 a yammacin Amurka

Duk shekara, daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, matafiya kan hallara kusa da ƙauyen Campo da ke iyakar Amurka da Meziko, kowa goye da jakarsa. Burinsu su taka har iyakar Kanada ta hanyar Pacific Crest Trail, mai tsawon kimanin kilomita 4,265, tafiyar da kan ci wata biyar. A 1968 doka ta ayyana hanyar, aka kammala ta a 1993. Bayan fitowar littafin Wild na Cheryl Strayed a 2012 da fim ɗinsa a 2014, jama'a suka yi mata ca, har aka ƙayyade mutum 50 kacal za a ba izinin tashi daga Campo a rana.

Kilomita 1,100 na farko, wato fiye da nisan Kano zuwa Legas, su ake kira hamada. Sai dai ba shimfiɗar rairayi ba ce irin ta Sahara. Tsaunuka ne busassu masu ƙayoyi, inda mutum zai kwana a tudun San Jacinto cikin jaura, kashegari ya gangaro kwarin da rana ke gasa duwatsu.

A nan lissafin ruwa ne ke mulki. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma matafiya kan ƙiyasta lita guda a kowane kilomita takwas. Idan tazarar da ke tsakanin mashaya biyu ta kai kilomita 30, mutum na buƙatar lita huɗu don tafiya kawai, ban da na girki da na kwana. Kafin a ankara kilo shida ya hau kan tanti da abinci. Nauyin kan rage sauri, jinkirin kuma ya ƙara sa'o'in da za a yi a rana, gumi ya ƙaru. Saboda haka da yawa kan yi sammako, su fake a inuwa da hantsi, sai la'asar su ɗora. A hamadar Mojave ma da dare ake bin gefen bututun da ke kai wa birnin Los Angeles ruwa: ga shi yana gudana a rufe ƙarƙashin ƙafa, mai tafiya kuwa yana tattalin ɗan abin da ya rage a gorarsa.

Tsayi na ƙara dagula lamarin. Iskar tudu busasshiya ce, gumi kan bushe tun kafin a gan shi, numfashi ma na kwashe ruwan jiki. Zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000, don haka sanyin wurin kan rufe ƙishirwa. Akwai kuma haɗarin da ba a cika zato ba: wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa bai ci gishiri ba, gishirin jininsa kan yi ƙasa, kansa ya ruɗe, abin da kan iya kaiwa ga mutuwa.

Wasu 'yan sa-kai kan ajiye jarkoki a mahaɗar hanyoyi. Alheri ne, amma ƙungiyar Pacific Crest Trail Association, mai kula da hanyar, na gargaɗin kada a dogara da su. Gargaɗin na da hujja, domin babu wanda aka ɗora wa alhakin cika jarkokin, kuma ayarin da ya riga ka na iya shanye su tas. Wanda ya rage guzurinsa bisa wannan fata, ya jingina ransa ne da mutumin da bai taɓa gani ba.

Sauri ma ba mafita ba ce. Daga Kennedy Meadows hanyar kan haura tsaunukan Sierra Nevada, inda mashigin Forester ya kai mita 4,009. Wanda ya iso tun kafin tsakiyar Yuni kan tarar da dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, rafuka kuma sun tumbatsa. A 2017, shekarar da ƙanƙarar ta yi yawa, matafiya biyu da suka ratsa hamadar lafiya sun nutse a rafukan wannan yanki.