Daga Gangar Giya Zuwa Karar Shanu: Asalin Kalmar "Broker"

A ofisoshin Abuja, idan aka kira mutum "power broker" yabonsa aka yi, domin shi ke haɗa mai neman kwangila ko muƙami da mai sa hannu. Kalmar kuwa ba a fada aka haife ta ba.

Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14 daga Faransancin da ake yi a Ingila a wancan zamani, inda "brocour" ke nufin ƙaramin ɗan kasuwa. Masana da dama na danganta ta da mai sayen giya ganga guda, ya huda, ya sayar kofi-kofi. Wasu na kai ta ga "alboroque" ta Sifaniyanci, ɗan shagalin da ake yi bayan an sallama ciniki, wadda ake ganin dangin "baraka" ce ta Larabci. In haka ne, 'yar'uwar "albarka" ce, wadda Bahaushe ke furtawa idan tayi bai kai ba. Can alamar ƙulla ciniki, nan alamar ƙi.

A Ingilishin dā, har mai haɗa mace da namiji don lalata sunansa ke nan. Hausa ta raba su: wannan kawali, wancan dillali, dukansu aro daga Larabci, kamar la'ada.

Aikin dillali ya fi fitowa fili a Gariki ta Enugu, da karar shanu ta Ugwuoba, da zangunan Hausawa na Onitsha da Fatakwal. Falke ya sauke shanu daga Arewa bai san mahauci ba, mahaucin kuma sau da yawa bashi yake ɗauka sai ya sayar da nama. Dillali da maigidan da ya sauke baƙon su ke tsaya masa. Idan mahauci ya ɓace, su za a kama, kuma baƙon ba zai sake sauka gidan ba. La'adarsu ladan wannan kasada ce. Takwaransu na Abuja kuwa yakan karɓi kasonsa tun kafin a aza tubali, in aiki ya tsaya wayarsa a kashe take.

Daga wannan fataucin shanu ne Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, ya shiga jam'iyyar NCNC, har aka zaɓe shi magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950.