Wuƙa Tana Halatta Nama, Amma Ba Ta Kashe Cuta

 

Kwanakin baya na kai wa gwaggona ziyara a Birnin Kebbi, sai na tarar gida ya cika da hayaniya. Ashe tunkiyarta ce, wata babbar uda da ta shekara biyu tana kiwo, ta wayi gari ta ƙi cin dusa, kafin azahar ta kwanta tana shure-shure. Nan da nan aka aiki yaro ya kira mahauci, aka yanka, aka feɗe a tsakar gida, aka shiga kai wa maƙwabta nama. Na ce, "Gwaggo, an kuwa san abin da ya same ta?" Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, wuƙa ta riga mutuwa, mi kuma ya rage?" Na yi shiru, domin na san da kuɗin tunkiyar nan ta yi niyyar sayen kayan ɗakin autarta. Allah ya kiyaye, cikin waɗanda suka ci naman ba wanda ya yi ko ciwon kai. Amma fa ba dabararmu ce ta tsare mu ba. Wannan shi ya sa yau na ce bari mu tattauna a kan dabbobin gida da irin cutar da sukan jawo wa mutum.

A wajenmu da an ce dabba mai cuta, alade ne ke fara faɗo mana a rai, sai mu ce ai ba ruwanmu, tun da ba ma ci ba ma kiwo. To, ana kiwonsa a kudancin jiharmu, wajen ƙasar Zuru, kuma kasuwa da mota sun haɗa mu duka. Akwai wata irin tsila da akan samu ta wajen cin naman aladen da bai dahu ba. Wanda take cikinsa yakan riƙa fitar da ƙwanta a bayan gida. Idan bai wanke hannu da sabulu ba ya taɓa abinci, ko kuwa ya zagaya a fili ruwan sama ya kwashe zuwa rijiya ko lambu, duk wanda ya haɗiye ƙwan nan yana iya kamuwa, ko da bai taɓa ganin alade ba. 'Ya'yan tsutsar sukan bi jini su maƙale a ƙwaƙwalwa, su kawo farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da tsutsar ta yi yawa, wajen 3 cikin kowane 10 na masu farfaɗiya ita ce sanadinsu. A 1992 likitoci a Amurka sun ba da labarin mutum huɗu da aka same su da ita a gidajen Yahudawan birnin New York, su kuwa ba sa cin alade kamar yadda ba ma ci. Kin ga ke nan ƙin ci kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da masai da sabulu. Kada kuma mu manta, sa ma yana da tasa tsilar, wadda ake samu a tsire ko balangun da cikinsa bai gasu ba.

Alade dai yana nesa. Wanda ke kusa shi ne wanda ke turke a ƙofar ɗakinki. Allah ya yi wa kwarin Rima albarkar dabbobi. Da an yanke shinkafa za ki ga garken gudali da rahaji sun cika fadama tun daga Argungu har Birnin Kebbi. Da wuya ki shiga gida ba ki ga jar akuya ko ragon layya ba. Su ne asusun mace, su ne adashinta, ba kuwa mai hankalin da zai ce a daina kiwo. Abin da nake so shi ne mu san ƙofofin da cuta ke bi daga turke zuwa ɗaki, mu rufe su.

Ƙofa ta farko ita ce irin ta gidan gwaggona. Akwai ciwon da makiyaya ke kira saifa. Dabba takan kwana lafiya, a wayi gari ta faɗi ta mutu, ko ta kama makyarkyata da haki. Sau da yawa akan ga baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. Ƙwayar cutar tana cikin jini da nama da fata. Da ta sha iska sai ta yi wa kanta ɓawo, ta zauna a ƙasa shekara da shekaru tana jiran wata dabbar. Mai fiɗa da mai wanke kayan ciki, watau ke uwargida, su take fara kamawa tun nama bai shiga tukunya ba. Takan fito a hannu ko fuska kamar ƙurji mai ƙaiƙayi, ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin, gefe ya kumbura, ga shi ba ya wani zafi. In an je asibiti da wuri ana warkewa sarai. In kuwa ta ciki ta shiga, ta hanyar cin naman, sai amai da gudawar jini, kuma tana kisa.

Wannan ba labarin dā ba ne. A watan Yuni na 2023, da ciwon ya ɓulla a arewacin Gana, Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya ta yi gargaɗi, ta ambaci Kebbi da Sakkwato cikin jihohin kan iyaka da ya kamata a ƙara himmar yi wa dabbobi rigakafi, har ta ce a dakata da cin ganda. Wata bai cika biyu ba, cikin Yuli, aka tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tana yin allurar rigakafin saifa, sau ɗaya ake yi a shekara. Saboda haka dabbar da ta faɗi farat ɗaya, kada a yanka, kada a feɗe, kada a cire fata, kada a yi watanda da ita. A kira malamin dabbobi. A ƙone ta, ko a haƙa rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum a binne, nesa da rijiya da inda ruwa ke kwanciya. Mu tuna, ko a layya malamai sun ce dabbar da ciwonta ya bayyana ba ta isarwa.

Ƙofa ta biyu ita ce ƙwaryar nono. Fulani sun san ciwon bakkale, wanda ke sa saniya ɓari, ya kumbura mata gwiwa. Yana kama awaki da tumaki ma, kuma yana bin ɗanyar madara ya shiga mutum. Alamarsa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, ciwon baya da gaɓoɓi, da kasala wata da watanni. Mace mai ciki yana iya sa ta ɓari. Da yawa sukan yi ta shan maganin zazzaɓin sauro, ba sauƙi, har a fara zargin iska ko sammu. Shi kuwa magani iri biyu ake haɗa masa, a sha har mako shida. A tsibirin Malta sojojin Ingila sun daɗe suna fama da wannan zazzaɓi, sai a 1905 wani likita ya gano daga madarar awaki yake. Da aka hana sojojin shan ta ɗanya, sai ciwon ya ja baya ƙwarai a barikinsu. Tarin fuka na shanu shi ma ta madara yake zuwa, yakan fito wa yara da kaluluwa a wuya.

Maganin duka biyu wuta ce. Tafasa madara har ta taso kafin ki ba yaro. Tsami kaɗai ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi. Kindirmo na gaskiya sai an dafa madara ake kwantar da shi, amma wani nonon ɗanye ake kwantarwa. Ba laifi ba ne ki tambayi mai kawo miki nono, cikin raha da mutunci, ko tana dafawa. Ita ma 'ya'yanta daga ƙwaryar suke sha.

Ƙofa ta uku ita ce haihuwar dabba. Idan akuya ta haihu, balle in ɓari ta yi, ruwan haihuwar da mabiyiya cike suke da ƙwayoyin cuta in tana da su. Kada ki taɓa da hannu tsirara. Sa hannunki cikin leda mai kauri in ba safar hannu, ki binne abin, ki wanke wurin da hannuwanki da sabulu. Mai juna biyu kuwa ta bar wa wani wannan aiki gaba ɗaya. A 2016 wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi ya ɓulla a yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar, dabbobi suka yi ta ɓari, mutum fiye da 30 suka rasu, akasarinsu makiyaya masu taɓa jini da ɓarin dabbobi. In kin ga awakin unguwa suna ɓari bi da bi, musamman bayan ambaliya, maigida ya gaggauta sanar da ofishin dabbobi.

Ƙofa ta huɗu akurki ne. An fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006, a wata gona a Jihar Kaduna. A watan Janairu na 2007 ta kashe wata budurwa mai shekara 22 a Legas. A 2008 kuma aka same ta a kasuwar kaji a Jihar Kebbi. Fadamarmu matattarar tsuntsayen ruwa ce masu zuwa daga nesa da hunturu, su ne kuwa sukan ɗauko ta. Idan kaji suka fara mutuwa biyu-biyu uku-uku, ƙoronsu ya yi baƙi, kada ki ce bari a yanka sauran a soya kafin su ƙare. Araha ba ta ado. Kuma kome sanyi, kaza da agwagwa kada su kwana ɗaki ɗaya da yara.

Sai kuma ƙaho da kofato da haƙori. Ragon da aka yi wa turke ya ƙoshi yana iya karya haƙarƙarin yaro da karo ɗaya. Saniya mai sabon maraƙi ba ta da sabo, haka uwar alade mai 'ya'ya. Jaki yana harbi yana cizo. Kada a bar yaro mai rarrafe kusa da turke, ga haɗarin taka shi, ga kashin dabbobi da zai kai baki ya jawo gudawa. In dabba ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu, ana kwarara ruwa har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, domin haukan kare yana kama jaki da sa da akuya in kare ya cije su. Kada a tura ƙasa ko toka ko kashin shanu a rauni, ta nan ciwon sarƙe-haƙora ke shiga. Na Birnin Kebbi ga Asibitin Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya, na Argungu ga babban asibitin garin. In kin je, ki faɗa wa likita kina kiwo, ki faɗa masa in wata dabba ta mutu ko ta yi ɓari a gidanku. Wannan magana ɗaya tana iya nuna masa gwajin da zai yi.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne masu sharar turke da ba da ruwa kafin a buga ƙararrawa. Ku sa takalmi, ku yayyafa ruwa kafin shara don ƙura, ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa kwanon koko. Abin da kuka koya a aji ku gaya wa iyaye cikin ladabi, ba da gatse ba. Sabuwar dabbar da aka sayo daga kasuwa, ku roƙi Baba a ɗaure ta daban har mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

Da zan dawo, gwaggona ta rako ni zaure tana cewa, "To ke da kin ka yi boko, sai in zuba ido dukiyata ta zama mushe?" Na ce, "A'a Gwaggo. A yi musu allura tun suna lafiya, ranar da ɗaya ta ƙi cin abinci kuma malamin dabbobi za a fara kira, ba mahauci ba. Kuɗin allurar bai kai na ƙafar tunkiya ɗaya ba. In kuwa ta riga ta faɗi, tunkiya ana sake saye, amma hannun da ya feɗe ta da bakin da ya ci, su ba a sayar da su a kasuwa." Ta yi dariya ta ce za ta gaya wa Malam. Ina fata ke ma za ki gaya wa naki maigidan yau da dare.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.